Ɗinki Bakwai a Cikin Tsintuwa

"Baba, ka tabbata ba ta ci komai ba tun jiya da yamma?"

Likitar dabbobin ce ke tambayata, hannunta a kan cikin karyar tana dannawa a hankali kamar mai zaɓen kankana. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar autata ba, amma idonta irin na ma'aikatan kan iyaka ne, masu duba takardarka da ido ɗaya, gumin goshinka da ɗayan.

"Ko loma," na ce. "Mai ita da bakinsa ya rantse mini."

"Ni ba rantsuwa nake taɓawa ba, Baba. Ciki nake taɓawa, kuma cikin nan a cike yake."

Kafin in nemo amsa, Tsintuwa ta amsa da kanta. Ta miƙa wuya, ta yi kakari sau biyu, ta zazzage mana rabin burodi da soyayyen ƙwai a kan teburin ƙarfen. Sannan ta ɗago ta kalle ni tana kaɗa jela, kamar ta yi abin yabo.

Likitar ta zare safar hannunta. Na ga dariya ta zo mata har leɓe ta koma.

"Har soyawa aka yi mata. To, yau ba aiki. In na yi mata allurar barci da abinci a ciki, tana iya yin amai tana barcin, ya shaƙe ta, ta mutu a hannuna. Ku dawo Talata mai zuwa."

"Likita, gobe fa? Ko jibi?"

"Talata kaɗai muke buɗe ciki. Sauran ranakun mai allurar barcin yana wani wurin."

"Mai karyar nan ba shi da mako guda na zubarwa," na ce.

Ta tsaya da goge teburin. "Ba shi da lafiya ne?"

"Asibiti sun sallamo shi. Sun ce ya koma gida ya ci duk abin da ransa ke so."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce ita za ta sa a farkon layi, amma daga ƙarfe shida na yammacin Litinin ko ɓarɓashi kada karyar ta lasa. Na ɗauki igiya muka fito, ni da haushi, Tsintuwa da sakayau ɗin ciki.

Karyar ba tawa ba ce, in faɗa tun yanzu. Ni shekara arba'in na yi a kan sitiyarin babbar mota, abin da na sani game da karnuka bai wuce cewa suna tsallaka titi ba sa duba hagu da dama ba. Ta Tela ce, maƙwabcina. Ƙofarsa na kallon ƙofata, taku tara tsakani, shekara talatin da ɗaya. Ɗakin gaba na gidansa shi ne shagonsa, kuma duk dawowata daga tafiya, kafin in ji muryar matata ƙarar keken ɗinkinsa nake fara ji.

Shekarar da matarsa ta rasu ya tsinto ta a cikin kwalbatin ƙarshen layi, ba ta wuce tafin hannu ba. Ya kawo ta a kwalin zare, ya wanke 'yar kwalbar man keke ya riƙa ɗiga mata madara da ita. Sunan ma ni na laƙaba mata don zolaya, shi kuma ya riƙe.

Masifar ta fara ne da ta girma. Sau biyu a shekara karnukan duniya su taru a layinmu, wani gurgu, wani mai kunne ɗaya, wani ma da guntuwar sarƙarsa a wuya ya tsinko. Kuma ba ƙofar Tela suke zama ba, ƙofata, don tawa ce mai inuwa. Su yi faɗa, su yi wa tayar akwalata fitsari. Bayan wata biyu sai ga 'yan kwikwiyo shida ko bakwai a ƙarƙashin teburin yanka, cikin ƙyallaye.

Tela yana da hanyarsa ta rabar da su. Mutum ya zo karɓar wando, sai ya ce masa ya ɗan zauna, maɓalli ɗaya ya rage. Kafin maɓallin ya ɗinku an ɗora masa kwikwiyo a cinya, wai ya riƙe kada a taka. Da idona na ga babban ma'aikaci ya fito daga shagon nan, riga a hannun dama, kwali mai motsi a hannun hagu, yana tafiya kamar wanda aka yi wa sane bai gano abin da aka ɗauke ba.

Amma masu kawo ɗinki suka gane shi, suka koma karɓar kayansu ta taga. A haihuwar ƙarshe uku suka rage ba mai so. Biyu mota ta bi ta kansu a bakin babban titi, ni na kwashe su da shebur. A ranar, da zafina na shiga shagon.

"Tela, ka kai ta asibitin dabbobi a cire mata mahaifa. Awa guda ne, kowa ya huta, har da ita."

"Direba, shekara hamsin ina haɗa abin da ya rabu. Ba ni zan sa a farke lafiyayyen ciki ba."

"To ka ɗaure ta."

"Kai wa ya ɗaure ka lokacin da kake naka yawon?"

Na waiga, don tagar kicin ɗin matata a buɗe take. Na sassauta murya.

"Ni ba ita na ƙi ba, zuriyarta na ƙi. Da ba ta haihuwa, ko ni zan iya zama da ita."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ci gaba da taka kekensa.

Bayan wata huɗu ƙafafun da ke taka keken suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Zuciya ce, in ji su. Ya yi mako uku a asibiti, suka dawo da shi da leda cike da magani. 'Yarsa guda ɗaya tilo, wadda duk layin ke kira Malama don koyarwa take yi, ita ce ke zuwa kullum bayan an tashi makaranta. Ta sa aka fito da gadonsa cikin shagon, kusa da taga, saboda ya ce a ɗakin ciki ba ya jin motsin mutane.

A nan ya kira ni wata safiya.

"Zauna, Direba. Na yi lissafin kayana. Keke na Malama ne, ta sayar ko ta ajiye. Almakashin nan naka ne, ka daina yanke farce da wuƙar matarka. Saura wannan." Ya nuna ƙarƙashin gado, inda Tsintuwa ta ɗora haɓa a kan silifas ɗinsa. "In na tafi, wa zai buɗe mata ƙofa? Layin nan duk sun gaji da ita. Kwana uku za ta yi wani ya jefa mata nama da guba."

Ban ce ƙarya yake ba, don na san wanda zai jefa.

"Malama ta ce za ta ɗauke ta. Amma mijinta ya gindaya sharaɗi, sai in ba za ta ƙara haihuwa ba. Ka kai mini ita wurin likitar da ka daɗe kana yi mini wa'azinta."

"Au! Yau kuma lafiyayyen cikin ya halatta a farke?"

"Ka ci nasara, sai ka yi rawa. Amma kada ka tayar wa Malama da maganar. Da ƙyar mijin ya yarda, tana jin nauyin abin."

To, wannan ce karyar da na dawo da ita ranar Talatar nan ba a yi mata komai ba. Na same shi a jingine da matasai uku, yana kallon titi.

"Har an gama?" ya ce.

"An gama ganin abin da ka karya da shi. Burodi da ƙwai, Tela! Ka rantse mini!"

"Na rantse ban ba ta abincinta ba. Wancan nawa ne."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Mako guda ka jawo mana. Kana da shi?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin bargo. "Kallona ta yi, Direba. Shekara shida ban taɓa kai loma baki tana kallo ban gutsura mata ba. Yau da ni kaina ba na iya haɗiye ƙwan, sai in zubar a shara tana gani?"

Haushin ya sauka, amma ban nuna ba. Na yi tunani irin na wanda ya saba da 'yan lodi: kayan da ba ka yarda da mai gadinsu ba, a motarka suke kwana.

"Litinin mai zuwa a gidana za ta kwana," na ce. "In ga ta inda ƙwai zai tsallako titi."

"A'a. Matarka ba za ta yarda ba."

"Gidan nawa ne ko nata?"

"Kowa a layin nan ya san amsar." Ya yi tari, ya huta. "Kuma in ka kai ta rana ɗaya tak, kuka za ta yi ta yi muku, ba ta san wurin ba. Sai dai ka fara ɗaukarta tun Asabar, ta saba da warin gidan."

Na ce na ji. Na tsallaka gida ina jin kaina kamar wanda ya yi wa Tela wayo.

Maman yara tana tsinke ganye a kicin na gaya mata. Ba ta ɗago ba.

"Kare. A gidana."

"A barandar baya, inda tsofaffin tayoyi suke. Kwana uku kacal."

"Haka ka ce da ka kawo tayoyin. Shekara goma sha biyu ke nan."

"Don Tela ne."

Ta leƙa shagonsa ta taga. Kayan makarantar yaranmu biyar duk a keken nan aka ɗinka su, wani ma da asuba ranar komawa makaranta. Ta zuba ganyen a ruwa.

"In ta leƙo kicin ɗina, ku biyun a baranda za ku kwana."

Ranar Asabar da na je shimfiɗa buhu, na tarar an riga an share barandar, an ajiye tsohon kwanon da ya fashe a baki cike da ruwa. Na tambaya, ta ce ita ba ta san komai ba.

Talata ta zo, Tela na nan da ransa. Ƙarfe takwas aka shiga da Tsintuwa, ni kuma na zauna a benci tsakanin wata mata mai kyanwa a kwando da wani mutum da akuyarsa ta haɗiyi leda. Na yi jiran haihuwar 'ya'yana biyu kawai cikin biyar, sauran ina kan hanya, amma ban tuna na taɓa kallon ƙofa kamar yadda na kalli wannan ba. Tunanina ɗaya: in ta mutu a ciki, da wane baki zan tsallaka taku taran nan?

Da rana aka ba ni ita, tana layi kamar mashayi, an aske mata ciki, an sa mata wani mazurarin roba a wuya don kada ta lashi wurin. Likitar ta ce kwana goma, ba gudu, ba tsalle, ba hawa gado, sannan a dawo a cire zare.

Kai tsaye wurin Tela na kai ta. Mazurarin ya bugi ƙofa, ya bugi ƙafar keke, ya kifar da gwangwanin maɓallai.

"Wane ne ya kifa wa 'yata bokiti?" in ji shi. "Kwantar da ita nan. Miƙo mini tabarau."

Na shimfiɗa ta a kan benci, na jawo shi jikin gado. Ya sunkuya da ƙyar, numfashinsa na fita kamar tayar da ta yi faci, ya bi ɗinkin da ido daga sama har ƙasa. Ya ƙirga da ɗan yatsa ba tare da ya taɓa ba.

"Bakwai. Na farko da na biyu sun yi kusa da juna. Na biyar ya karkace." Ya ƙara dubawa. "Amma ƙullin ya yi. Wa ya koya mata ƙulli?"

"Ka je ka tambaye ta."

"Ka gaya mata Tela ya ce hannunta zai yi kyau in ta daina sauri." Ya shafa kunnen karyar. "Yi haƙuri, uwar bakwai-bakwai. Kin huta."

Sannan ya ce in ɗauko tef. Ya auna ta tana kwance, daga wuya zuwa gindin jela, zagayen ƙirji, zagayen ciki, yana faɗa ina rubutawa a bayan kwalin magani da irin rubutuna. Ya ce riga zai yi mata ta rufe ɗinkin, a cire mata bokitin nan ta ga gabanta. Ƙafarsa ba ta taka keke, da hannu zai yi.

Sai aka zo zura zare. Ya gwada sau biyar bai samu ba, ya miƙo mini. Ni kuma ramin allurar ma ban gan shi ba. Na nufi taga, na rufe ido ɗaya, na lashi zaren har ya jiƙe.

"Mutumin da ya ce yana shigar da tirela lungu da baya," in ji Tela.

"Lungu ba ya motsi. Kai ne ka ba ni allurar da ba ta da rami."

Sai da Maman yara ta shigo da kwanon miya ta same mu a haka. Ta karɓa, ta zura a tashi ɗaya ba ko tabarau, ta zura masa wasu guda shida ta soka a jikin matashi, ta fita tana cewa tsufa dai bai yi wa wasu kyau ba.

Kwana biyu ya yi a kan rigar. Ragowar wani yadi ne mai laushi, shuɗi mai ratsin fari, da ramin ƙafa huɗu da maɓallai biyar a gadon baya, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Yakan yi ɗinki goma ya huta, wani lokaci barci ya ɗauke shi da allurar a hannu in zare ta a hankali. Da aka sa mata, ta zauna cif kamar a jikinta aka halicce ta. Duk layin suka fito kallo. Har mutumin da na san zai iya jefa guba ya tsaya ya yi dariya.

Tun da likita ta hana ta hawa gado, kuma a shagon ba abin da ta sani sai hawa gadon Tela, a barandata ta ci gaba da zama. Kullum da safe in tsallaka da ita, in zauna, shi kuma ya yi ta zuba.

"Ba ta son tsawa. In hadari ya taso ka bar ta ta shiga ƙarƙashin wani abu."

"Ka gaya wa Malama."

"Kunnenta na hagu yana tara datti. Da ɗan ƙyalle ake gogewa, ba da tsinke ba."

"Na ce ka gaya wa Malama. Ni direba ne, kai kaya kawai nake yi."

"Ka fi ta riƙe magana. Ita yaran mutane sun cika mata kai."

Kwana bakwai da aikin, wata Talatar, na shiga da hantsi na same shi ya faɗa sosai. Malama ba ta je makaranta ba, tana kicin tana dafa ruwan zafi. Ya sauko da hannu ɗaya gefen gado, Tsintuwa ta sa kanta a ƙarƙashi.

"Saura kwana nawa a cire zare?"

"Uku."

"Ka ce ta ja a hankali. Daga gefen ƙulli ake yankewa." Ya lumshe ido. "Ba ni labarin gangaren nan, Direba."

Labari ne na ranar da birki ya tsinke mini a kan wani gangare da lodin siminti. Ya ji shi ya fi sau ɗari. Kuma kullum in na zo inda nake cewa na hango shanu sun cika hanya, na danna oda sau ɗaya suka dare gida biyu kamar an ja zif, sai ya ce, "Ƙarya kake, bara awaki ka ce." Shekara ashirin bai taɓa bari wurin ya wuce ba.

Na fara. Na faɗi yadda fedar birkin ta tafi ƙasa ba komai, yadda yaron motata ya fara kiran sunan uwarsa, yadda na yi ta sauke giya tana kuka. Na zo kan shanun. Na ce na danna oda suka dare. Na ɗan dakata.

Ba wanda ya ce ƙarya nake.

Na ƙarasa labarin duk da haka, har inda motar ta tsaya a cikin yashi. Sannan na kira Malama.

Kafin rana ta faɗi mun kai shi mun dawo. Allah ya jiƙan Tela. Duk yinin Maman yara ta rufe Tsintuwa a baranda, ta ce ko haushi ɗaya ba ta yi ba, ba ta kuma taɓa kwanonta ba.

Rana ta uku, da mutane suka ragu, na sami Malama a shagon tana ninke yaduddukan da masu su ba su zo karɓa ba. Na ga lokaci ya yi.

"'Yata, yau za a cire wa Tsintuwa zare. In an gama, in wuce da ita gidanki kai tsaye, ko sai kin shirya mata wuri?"

Ta tsaya da ninkin. "Gidana, Kawu?"

"Ai an cika sharaɗin maigidanki. Ba za ta ƙara haihuwa ba."

"Wane sharaɗi?"

Na maimaita mata abin da mahaifinta ya gaya mini. Ta zauna a bakin gadon da babu kowa a kai, ta dafe baki, ban san ko kuka ne ko dariya ba. Ashe duka biyun ne.

"Kawu, a bene muke, hawa na uku. Mai benen ko kyanwa bai yarda a ajiye ba, a takarda yake. Baba ya sani, shi ya karanta mana takardar. Ni da na tambaye shi yadda za a yi da ita, cewa ya yi in cire hannuna, ya riga ya yi mata awo."

Na nemi kujera. Burodi da ƙwai. Tun Asabar ta saba da warin gidan. Kunnen hagu da ɗan ƙyalle. Ni da aka kasa cuta a tashoshin ƙasa shida, mutumin da ko zama ba ya iyawa sai da matasai uku ya zaunar da ni jiran maɓalli ɗaya.

"Kada ka takura kanka, Kawu," in ji Malama tana share ido. "Akwai mai gadi a wurin aikin maigidana, ya taɓa cewa yana son kare. Zan yi masa magana."

Na san irin wuraren. Na sha sauke kaya a cikinsu. Sarƙa taku uku, rabin durom don rana, abinci in an tuna.

"Bari dai a cire zaren tukuna," na ce.

A gida na gaya wa Maman yara, ina jiran ta tayar da rufin kwano. Tana goge tukunya, ko juyowa ba ta yi ba.

"Sai yau ka gane? Kai da ka zaga duniya?"

"Kin sani?"

"Tun ranar da ka ce kwana uku. Mutumin da ya yi shekara shida yana ciyar da dabba bai san cikinta zai tona shi ba? Ni dai na ce kada ta shigar mini kicin, kuma har yanzu ban janye ba."

Likitar ta ɓalle maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya, ta juya ta ciki tana duba bakin ɗinkin, ta daɗe tana dubawa. Na gaya mata wanda ya yi ta, na gaya mata ya rasu, na kuma isar mata da saƙonsa duka, har da na biyar da ya karkace. Ta leƙa cikin karyar.

"Gaskiyarsa ne," ta ce. Daga gefen ƙulli ta yanke, ta ja a hankali.

Da ta gama ta jawo kati. "Wancan karon ban cike nan ba. Sunan mai ita?"

Na kalli Tsintuwa, tana ƙoƙarin lasar inda aka cire zaren. Na faɗi sunana. Ta ce lambar waya, na faɗi ta Maman yara, don ita ce ke ɗaga waya.

Da la'asar muka iso layi. Ina buɗe mata ƙofar mota ta dire, ta nufi shagon Tela. Malama ta riga ta tafi, ta sa kwaɗo. Tsintuwa ta shinshina ƙasan ƙofar, ta ɗan karce ta sau ɗaya, sannan ta zauna tana kallon katakon. Ban ja igiyar ba. Na tsaya a tsakiyar titi, igiyar na lilo a tsakaninmu, wani mai keke ya kauce mana ya wuce.

Na ji ƙofar gidana ta buɗe a bayana. Maman yara ta leƙo, ta kalle ni, ta kalli karyar, ba ta kira kowa ba. Iska ta fara turo ƙofar za ta rufe, sai ta zare silifas ɗinta ɗaya ta tokare ta da shi, ta koma ciki da ƙafa ɗaya ba takalmi.